Jagorar Adana Tsofaffin Kundaye, Taswira Da Zane A Kwamfuta: Daga Adakar Malam Zuwa Gidan Tarihi A Kumasi

A shekarun 1960 ma'aikatan Cibiyar Nazarin Afirka ta Jami'ar Gana da ke Legon, cikinsu har da Ivor Wilks da Alhaji Usmanu Boyo, sun bi garuruwan ƙasar nan suna aron rubuce-rubucen malamai, su kwafa da na'ura, su mayar wa masu su. Ta haka aka tara ɗaruruwan takardun Larabci da Ajami, har da waƙoƙin Alhaji Umaru na Kete-Krachi, haifaffen Kano da ya zauna Salaga ya rasu a 1934. Allah ya saka musu da alheri. Sai dai kwafin fari da baƙi ne. Jar tawadar da malami ya raba matani da sharhi da ita ba ta fita, launin takarda ba ya fita, ƙananan rubutun gefe kuma sau da yawa sun dushe.

Yau wayar da ke aljihun ɗalibin makaranta a unguwar Aboabo ta Kumasi ta fi waccan na'ura iya ɗaukar shafi. Amma adakoki da gafakoki na nan jibge a Asawase, Sabon Zango, Yalwa, Alaba da Tafo, a garin da ke da damina biyu a shekara, inda danshi ke haifar da funfuna, gara na bi ta ƙasa, asu da kyankyaso na bi ta sama. Gidajen adana tarihi na gwamnati da na masarauta su ma wannan iskar suke shaƙa. Danna kyamara shi ne mafi sauƙi a duk aikin. Abin da ke sa hoto ya zama adanawa shi ne a san na wane ne, shafi na nawa ne, a kuma iya samo shi bayan shekara talatin. A kan haka na tsara matakan nan.

Mataki na farko: izini

Kada ka shiga gidan malami da kyamara a ziyarar farko. Je ka yi gaisuwa, tare da wanda gidan suka sani, limamin unguwa ko wani tsohon almajirin marigayin. Littattafan malami gado ne, kuma wanda adakar ke ɗakinsa ba lalle shi kaɗai ke da ita ba. Akwai ƙanne, akwai 'ya'ya mata da suka yi aure a Akara ko Tamale, akwai wanda ke Jamus. In ka ɗauka da yardar mutum ɗaya, wata rana sauran suka ga shafin kakansu a Facebook, ƙofar ta rufe ke nan, gare ka da duk wanda zai zo bayanka.

Maganar da za ka yi ba ta bukatar ado: "Allah ya gafarta Malam, ba littafi muka zo ɗauka ba. A nan zauren za mu yi aikin, a gabanku ko gaban wanda kuka wakilta. Warƙa ɗaya ba za ta fita gidan nan ba. Kwafin farko naku ne, kuma abin da kuka ce kada a nuna wa kowa, ba za a nuna ba." Sannan ka cika wannan alkawari har ƙarshe.

Ku raba kayan gida uku tun kafin a fara: wanda kowa zai iya gani a intanet, wanda sai an nemi izinin iyali, da wanda na gida ne kurum. Kashi na uku yana da yawa fiye da yadda baƙo ke zato. Kundin asiri, hatimai, laƙani da fa'idojin da malami ya karɓa da izini daga nasa malamin, mutane da dama ba sa son su yaɗu, kuma haƙƙinsu ne. Haka takardun bashi, rabon gado, da wasiƙun da suka ambaci aibin wani wanda jikokinsa na raye a unguwar. Ni dai shawarata a ɗauki hotonsu don kada su salwanta, a miƙa wa iyali su kaɗai. In sun ce a bar su ma gaba ɗaya, a bari.

A rubuta yarjejeniyar a takarda ɗaya, da Hausa da Turanci, kowa ya sa hannu, shaidu biyu su sa. Ka tuna Gana na da dokar haƙƙin mallaka ta 2005, wadda ke kare aikin marubuci tsawon ransa da shekara 70 bayan rasuwarsa, da dokar kare bayanan mutane ta 2012. Waƙar malamin da ya rasu a 1980 har yanzu magadansa ke da ikon ta.

In kuwa a PRAAD za ka yi aiki, wato hukumar adana takardun gwamnati da ke da reshe a Kumasi, ko a taskar takardun Manhyia, fadar Asantehene sarkin Asante, rubuta takardar neman izini, ka faɗi abin da kake so ka ɗauka da abin da za ka yi da shi, ka tambayi ƙa'idarsu kan kyamara da kuɗin da ake biya. Lambar da suka ba kowane fayil kada ka sauya ta, da ita za ka sa wa hotunanka suna.

Mataki na biyu: ƙidaya, da zaɓen abin da za a fara da shi

Sami littafin rubutu da fensir. Biro ba ya kusantar tsohuwar takarda. Buɗe adaka, ka ɗauki hotonta yadda take kafin ka taɓa komai, domin yadda malami ya jera kayansa shi ma labari ne. Ba kowane ƙunshi lamba a 'yar takarda da za ka saƙala, ba a jikin littafin ba. Rubuta yawan warƙoƙi, tsawo da faɗi da santimita, harshe, da halin da yake ciki.

A nan ne mutane suka fi yin kuskure. Ido na zuwa kan Alƙur'ani mai zayyana da kyakkyawan tadarishi, sai a ƙare wata guda a kansa. Yana da daraja, kuma za a zo kansa. Amma Risala, Ishiriniya, Ahalari da Dala'ilu akwai kwafinsu dubbai daga Kano har Timbuktu. Abin da babu shi a ko'ina sai a wannan adakar shi ne wasiƙar da fatake suka kawo daga Salaga, ijazar da ke ɗauke da salsalar malamai, waƙar Ajami da malamin ya yi wa wani Sarkin Zango, lissafin kuɗin goro, jerin ranakun haihuwa da rasuwa da aka rubuta a bayan bango, takardar filin masallaci. Su ne kuma aka fi wulaƙantawa, domin 'yan guntaye ne. Ɗakin karatu na masarautar Denmak da ke Kopenhagen na riƙe da ɗaruruwan warƙoƙi daga Kumasi na farkon ƙarni na 19, mafi yawansu layu da addu'o'i, da wasiƙu tsakanin Musulmin Kumasi da 'yan'uwansu na arewa. Daga irin waɗannan takardu na yau da kullum masana suka fahimci matsayin malamai a fadar Asantehene na lokacin. Saboda haka fara da abin da ba shi da na biyu, sai wanda ya fi kusa da lalacewa, sai sauran.

Ko a cikin sanannen littafi ma, duba gefe. In malamin ya cika hashiya da fassarar kalmomi cikin Ajami, wannan kwafin ya zama na musamman.

Mataki na uku: taɓawa da sharewa

Wanke hannu da sabulu, ka busar sosai, kada ka shafa mai. Safar hannu ta auduga tana kashe jin yatsa, tana kama bakin takarda ta yage shi, hannu mai tsafta ya fi ta. Safar roba sai in za ka taɓa tsofaffin hotuna ko takarda mai funfuna, kuma a nan sai ka haɗa da takunkumin hanci mai kyau, domin funfuna na taɓa huhu. Fitar da masu funfunar daga cikin sauran, ka shanya su a inuwa inda iska ke ratsawa, ba a rana ba. In sun bushe, share da buroshi mai taushi, daga tsakiya zuwa waje, a waje da ɗakin aiki.

Tawadarmu ta gargajiya, ta gawayi da ƙaro, a saman takarda take zaune, ɗigon ruwa ɗaya ko yatsa mai gumi na iya kwashe layi guda. Wata tawadar kuma mai ruwan ƙasa-ƙasa cin takarda take yi, har ka ga harafi ya zama rami. Irin wannan warƙa ba a ɗaga ta da yatsa biyu. Zura farar takarda mai kauri a ƙarƙashinta, ka ɗauke su tare.

Abu uku kada a yi su ko da wasa: manna salatif, shafa gam, da kai takarda a liƙe ta cikin roba da zafi kamar katin shaida. Na ga takardar fili da aka yi wa wannan liƙin don ƙauna, bayan 'yan shekaru ta yi ja, danshi ya maƙale a ciki, kuma ba hanyar ɓare ta ba tare da rubutun ya bi robar ba. Warƙoƙin da suka manne da juna kuma a bar su haka, a rubuta cewa sun manne, a nemi ƙwararren mai gyaran takarda.

Mataki na huɗu: wurin aiki da kayan aiki

Ba sai ka sayi na'urar miliyoyin sidi ba. Kana bukatar tebur da ba ya girgiza, baƙin kwali ko baƙin yadi marar sheƙi, fitila biyu iri ɗaya, ruler, katin gwajin launi ko aƙalla kati mai ruwan toka, da abin da zai riƙe kyamara tana kallon ƙasa sak. Wannan na ƙarshe mai walda a Suame Magazine, unguwar makanikai ta Kumasi, ko kafinta zai haɗa maka: faranti mai nauyi a ƙasa, sanda a tsaye kamar mita ɗaya, hannu mai hawa da sauka. Riƙe waya da hannu ba ya yi, komai natsuwarka, domin nisan zai riƙa sauyawa daga shafi zuwa shafi.

Fitilu su zama na LED, farare, ba sa zafi. Ɗaya dama ɗaya hagu, kowace ta karkato kusan digiri 45, nisansu da takarda daidai. Kashe fitilar ɗaki, ka rufe taga, domin hasken rana na sauyawa daga safe zuwa la'asar, launin shafukan sai ya bambanta. Filashi kuma a kashe. Tunda wuta na ɗaukewa, fitila mai caji da batirin kyamara na biyu za su cece ka daga zaman jira. Ka kuma kashe fanka kafin ka buɗe ƙunshin warƙoƙi.

Ga lissafin da ya kamata ka riƙe kan kaifin hoto, wanda ake aunawa da yawan ƙananan ɗigon da suka haɗu suka zama hoton. Mafi ƙarancin abin da ake yarda da shi a wannan aiki shi ne ɗigo 300 a kowane inci, wato kusan 118 a kowane santimita. Kyamara mai megafiksel 24, wato ɗigo miliyan 24, tana ba da 6000 a tsawo da 4000 a faɗi, ke nan za ta ɗauki abu mai santimita 51 da 34 a wannan ma'auni. Waya mai megafiksel 12 za ta ɗauki 34 da 25, wanda ya ishi yawancin warƙoƙinmu. In rubutun ƙanana ne, matso da kyamara ka kai 400 ko fiye. Hanyar gwaji: ɗauki hoton ruler, ka buɗe a kwamfuta, ka ƙirga ɗigo nawa ke cikin santimita ɗaya.

A kyamara sa ISO, wato ƙarfin jin haskenta, a 100, buɗewar ido a f/8, ka daidaita fari da katin toka sau ɗaya ka kulle shi. Yi amfani da jinkirin daƙiƙa biyu ko igiyar dannawa don kada hannunka ya girgiza ta. Ɗauka da RAW, wato ɗanyen hoton da kyamara ba ta sarrafa ba. In waya ce, yi aiki da babban idonta, kada ka ja hoto da yatsa don ya matso, ka kashe duk wani gyaran launi. Manhajojin nan da ke mayar da takarda fara tas kamar ta ofis ka guje su: suna goge tabo, suna goge launin takarda, wani lokaci su haɗa da wasali.

Na'urar sikana mai murfi ta yi wa takardar da ke da ƙwari kuma shimfiɗaɗɗiya. Wadda ke zuƙar takarda da kanta kuwa ko kusa kada tsohon rubutu ya je wurinta.

Mataki na biyar: ɗauka

Yawancin littattafanmu ba ɗinkakku ba ne, warƙoƙi ne a sake tsakanin bango biyu, a cikin gafaka. Wannan ya sauƙaƙa ɗauka, ya kuma sauƙaƙa rikicewa. Mutum biyu ya kamata su yi aikin, ɗaya na juya warƙa, ɗaya na kan kyamara da littafin rajista. Ƙunshin na dama, wanda aka gama na hagu a kife, warƙa ɗaya tak a kan tebur a kowane lokaci.

Fara da gafakar kanta, gaba da baya, sai bango, sai igiyar ɗauri. Sannan hoton farko na rubutu tare da ruler da katin launi da 'yar takardar da ke ɗauke da lambar ƙunshin. Kowace warƙa a ɗauki fuskarta da bayanta, ko da bayan ba komai. Shafin da ba rubutu shi ke tabbatar wa mai karatu cewa ba a tsallake wani abu ba. Bar ɗan fili baƙi a kewayen takarda, gefuna huɗu duka su fito, domin a gefe ne ake samun hashiya da cin asu da alamar inda aka yanke.

Dubi ƙasan bayan warƙa, wajen hagu. Za ka ga kalma ɗaya ita kaɗai a rataye. Ita ce kalmar farko ta warƙa mai zuwa, magabata da ita suke tsare jeri tunda ba sa sa lamba. In ba ta dace da abin da ya biyo ba, ko dai warƙa ta ɓace ko an hautsina. Kada ka gyara jerin da kanka a lokacin. Ɗauka yadda ka tarar, ka rubuta a rajista cewa tsakanin warƙa ta 14 da ta 15 akwai matsala, daga baya malami ya zauna da hotunan a kwamfuta ya daidaita. Sau da yawa warƙar da ta ɓace tana cikin wani ƙunshin a adaka ɗaya.

Shafin ƙarshe ka ba shi kulawa ta daban. A nan marubuci ke cewa littafi ya cika da godiyar Allah, ya faɗi sunansa da na mahaifinsa, wani lokaci da wanda aka rubuta wa, da rana da wata. Shekarar kuma akan rubuta ta da haruffa, kuma lissafin haruffa na Magrib da malamanmu ke bi ya bambanta da na Gabas: a wurinmu shinun ce 1000, a can kuwa gainun. Wanda bai san haka ba zai yi kuskuren shekaru masu yawa a lissafinsa. In ka sami shekarar Hijira, ninka ta da 0.97 ka ƙara 622, za ka sami ta Miladiyya kusan daidai. 1300 za ta ba ka 1883.

Kafin ka mayar da ƙunshi, zaɓi warƙa biyu ko uku ka ɗora a kan fitila mai faɗi marar zafi, hasken ya ratso ta baya. A tsofaffin takardu da yawa za ka ga jinjirin wata uku a jere cikin jikin takardar. Alamar masana'antun arewacin Italiya ce, irin takardar da ta riƙa ratso Sahara a ƙarni na 19. Wasu kuma za ka ga tambarin kamfanonin Ingila na zamanin mulkin mallaka. Wannan hoton na taimaka wa masana su kimanta shekarun littafin da ba a rubuta masa kwanan wata ba.

Littafi ɗinkakke ko rajistar ofis kada a danne shi ya buɗe ɗam. Tallafe shi da matashi ko soso ta kowane gefe, ya buɗe kamar digiri 90 zuwa 120, ka ɗauki shafi ɗaya-ɗaya. Duk bayan shafi ashirin ko talatin, tsaya ka buɗe hoto ɗaya a kwamfuta, ka faɗaɗa shi har ƙarshe. In ɗigon fa da na ƙaf ba su fito sarai ba, sake ɗauka tun littafin na gabanka.

Mataki na shida: taswira da zane

Taswirar fili, zanen ginin masallaci ko makaranta, da manyan taswirorin ma'aikatar safiyo sun fi ƙarfin hoto ɗaya. Taswira mai santimita 100 da 70 in ka ɗauke ta gaba ɗaya da kyamara mai megafiksel 24, ɗigo 150 kawai za ka samu a inci, ƙananan lambobin iyaka ba za su karantu ba, alhali su ne ake shari'a a kansu. Sai a ɗauka gunduwa-gunduwa. Kyamara ta tsaya wuri ɗaya, taswirar ce za a riƙa zamewa a kan babban kwali, kowane hoto ya hau kan na kusa da shi da kamar kashi ɗaya cikin uku. Manhajar Hugin kyauta ce, tana haɗa su. Ajiye gunduwoyin na asali tare da haɗaɗɗen, ka ƙara da hoto ɗaya na taswirar gaba ɗaya. Ma'aunin taswira, kibiyar arewa, hatimin safiyo, sa hannun sarki da duk abin da aka rubuta a baya su shiga.

Wadda ta daɗe a naɗe kada a buɗe ta da ƙarfi. Warware kaɗan-kaɗan, kana ɗora 'yan jakunkunan yashi masu tsafta a gefe, ka ba ta kwana ɗaya ko biyu ta saki jiki. In ka ji tana ƙara kamar za ta karye, dakata. Da hunturu takarda ta fi bushewa da saurin karyewa, gara a yi wannan aiki a lokacin da iska ke da ɗan laushi. Zane mai shuɗin bango da na takarda mai shara-shara haske na dusar da su, a fito da su lokacin ɗauka kawai a mayar. Mai shara-sharan a sa masa farar takarda a ƙasa don layukan su fito. Zanen fensir kuma ba a share shi da buroshi.

Abu ɗaya a sani: hoton takardar fili kariya ce in asali ta ƙone ko ta ɓace, amma ba ya maye gurbin rajista a hukumar filaye.

Mataki na bakwai: suna da bayani

Hoton da sunansa IMG_4471 ba wanda zai san mene ne bayan wata shida, har kai da ka ɗauka. Tsara suna tun ranar farko, da haruffan boko marasa lanƙwasa, ba tazara, misali KSI_G03_K012_015a. Ma'ana Kumasi, gida na uku, ƙunshi na 12, warƙa ta 15, fuska. Bayanta ya zama 015b. Sifirin da ke gaba shi ke sa kwamfuta ta jera su daidai. Kowane ƙunshi da jakarsa.

Sannan buɗe jadawali a kwamfuta, kowane ƙunshi layi ɗaya: lamba, sunan littafi da Larabci da boko, mawallafi, wanda ya kwafa, shekara, harshe, fanni, yawan warƙa, girma, halin da yake ciki, mai shi, matakin izini, ranar ɗauka da wanda ya ɗauka. Inda ba suna, rubuta layin farko bayan basmala da layin ƙarshe, da su masana ke gane littafi. Inda ba a sani ba a rubuta ba a sani ba, kada a yi kirdado.

Wannan mataki ba na matasa masu kwamfuta kaɗai ba ne. Dattijon da ya yi karatu a gaban mai littafin yana iya kallon shafi ya ce wannan hannun wane ne, wannan kuma an zo da shi daga Yendi. Zaunar da shi, ka kunna rikoda da izininsa, ka ajiye muryar a jakar ƙunshin. In waƙar Ajami ce kuma akwai wanda ya san karinta, roƙe shi ya rera, domin takarda ba ta riƙe kari. Masu iya karanta tsohon Ajami na raguwa, kuma wannan ne ɓangaren da ba ya jira.

Mataki na takwas: ajiyar hotunan

Daga RAW fitar da TIFF, wani nau'in fayil na hoto, marar matsi, shi ne uwar kwafi, ba a gyara shi, ba a yanke shi. Daga gare shi a fitar da JPEG ko PDF don karatu da rabawa. TIFF ɗaya na kyamara mai megafiksel 24 ya kai megabait 70, faifai mai terabait ɗaya zai ɗauki kusan 14,000. In za ka tura wa wani ta WhatsApp, tura a matsayin fayil, domin in ka tura a matsayin hoto matse shi yake yi.

Kwafi uku ake so, a kan na'ura iri biyu, ɗaya a wani gari. Misali faifai ɗaya a gidan masu littafi, ɗaya a wurin wata cibiya ko amintacce a Akara ko Tamale, ɗaya a ma'ajiyar intanet. Gobarar da ta cinye ginin ma'aikatar harkokin waje a Akara a 2009, da gobarar kasuwa da muke gani a Kumasi, sun isa hujja kan ajiye komai a gini ɗaya. Intanet ma ba ita kaɗai za a dogara da ita ba: a Oktoban 2023 masu kutse sun afka wa babban ɗakin karatu na Birtaniya, aka yi watanni ba a iya buɗe tarinsa na intanet. Filas, wato 'yar ma'ajiyar da ake soka wa kwamfuta, da katin waya na ɗaukar kaya ne daga nan zuwa can, ba na ajiya ba, ga jabu sun cika kasuwa. Faifai kuma kada a bar shi a jone da wuta, a cire bayan an gama kwafi.

Fayil na iya lalacewa shiru ba ka sani ba. Akwai manhajoji na kyauta da ke lissafa wa kowane fayil wata lamba ta musamman, irin SHA-256. Ajiye jerin lambobin, duk shekara ka sake gwadawa. In lamba ta sauya, fayil ya taɓu, sai ka maye shi daga wani kwafin. Kusan duk shekara biyar a juye komai a sabon faifai. Kalmar sirrin ma'ajiyar intanet kuma mutum biyu ko uku su san ta, a rubuta a takarda a ajiye tare da yarjejeniyar. Buga jadawalin a takarda, kwafi ɗaya ya kwana cikin adakar.

In tarin ya fi ƙarfinku, akwai shirin ceto takardun da ke cikin haɗari na ɗakin karatun Birtaniya, wanda gidauniyar Arcadia ke ɗaukar nauyinsa tun 2004, kuma ya yi ayyuka a Gana. Ƙa'idarsa ita ce asali ya zauna a ƙasarsa, a bar kwafi a wata cibiya ta gida, amma hotunan ana sa su a intanet kowa ya gani. A bayyana wa iyali wannan sharaɗi ƙarara kafin a nema, kuma kashi na biyu da na uku na kayansu kada su shiga ciki.

Mataki na tara: mayar da asali

Kowane ƙunshi a naɗe shi da takarda marar asid, in ba a samu ba da farin yadin auduga da aka wanke aka busar, sannan ya koma gafakarsa tare da lambarsa. Jarida da leda a raba su da shi, jarida na sa takarda ja, leda na riƙe danshi. Cire ƙusar ofis da roba mai ɗaurewa. Taswira a kwantar da ita a shimfiɗe, in ta yi girma a naɗe ta a jikin bututu mai faɗi, kada a ninke. Adaka ta hau kan katako ko kanta, aƙalla taƙi ɗaya daga ƙasa, nesa da bangon waje da inda kwano ke yoyo. Funfuna na tashi ne in danshin iska ya wuce kashi 65 cikin ɗari, saboda haka ɗaki mai iska ya fi rufaffen sito, kuma ƙaramin ma'aunin danshi ba shi da tsada. A buɗe a duba sau biyu a shekara, a ƙarshen babbar damina wajen Yuli, da kuma Nuwamba kafin hunturu ya shigo. Ranar da za ka miƙa faifai, kira magadan da za su iya zuwa, ka buɗe hotunan a gabansu, ka nuna wa aƙalla matashi ɗaya na gidan yadda ake neman ƙunshi da lambarsa, sannan mai gida ya ƙirga kayansa ya sa hannu a rajista cewa sun cika.